Ziyara A Kona: Wane Kwabo Ne Ya Fi Kwabo?

Daga Wakilinmu

Ran da na sauka Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, na tsaya gaban wani mai tebur a bakin tasha na sayi ruwa da goro, na miƙa masa Naira 500. Ya laluba aljihu, ya laluba gwangwani, daga bisani ya ɗebo alewa biyu ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce, "Malam, ga canjinka." Ban yi gardama ba, gama haka abin ya zama ko'ina cikin ƙasar nan. Mu da muka tashi a shekarun 1990 mun ɗan riski kwandalar Naira ɗaya da ta sule biyar, amma ƙannenmu ba su san ƙarar kuɗi a aljihu ba ko kaɗan.

Wani aiki dabam ne ya kai ni garin. To, a kwana na biyu, wani saurayi mai Keke Napep da ya yini yana zagawa da ni, da ya ji cewa ni ɗan jarida ne, sai ya tsaya a gindin wata bishiya, ya zaro wayarsa ya nuna mini wani hoton bidiyo. A ciki wani Bature ne riƙe da ɗan ƙaramin jan kwabo, yana ba da labarin yadda aka sayar da irinsa a kan kuɗin da za su sayi unguwa guda, wai don kawai an yi kuskure wajen buga shi.

Saurayin ya ce, "Yallabai, kakata a Kona tana da gwangwani cike da irin waɗannan. Makon jiya wani mutum ya zo ya taya shi duka Naira dubu ashirin, ya ce zai dawo. Ni kuwa keken nan ba nawa ba ne, balas nake kaiwa kullum. Don Allah ku da kuka yi karatu ku zo ku duba mana, kada a cuce mu."

Da ma na taɓa yin ɗan bincike a kan tarihin kuɗin Nijeriya saboda wani aiki na ofis, abin kuma ya zauna mini a rai tun daga lokacin. Saboda haka na amsa masa. Da maraice na ari gilashin nan mai ƙara girman abu a wurin wani mai gyaran agogo, muka yi alkawarin haɗuwa da sassafe.

Hanyar Kona

Kona ba ta da nisa da Jalingo. Tana kan hanyar da ta nufi Lau, tsohuwar tashar jiragen ruwa ta bakin kogin Binuwai, kuma kafin mutum ya gama cin goro guda ya isa. Lokacin kaka ne, hazo ya fara sauka, duwatsun da suka kewaye yankin sun yi dishi-dishi. Dama da hagu gonakin dawa ne da masara da aka girbe, ga mata nan jere ɗauke da itace da kwanukan gyaɗa sun nufi birni.

Mutanen Kona reshe ne na Jukunawa, suna kiran kansu Jiba, sarkinsu kuwa Kuru ake ce masa. Tsohon garinsu shi ne Kona Garu, sunan da ke tuna wa mai ji cewa a da gari ne mai ganuwa. A ƙarshen watan Disamba na 1892 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya ci garin da yaƙi, da taimakon wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Laftanar Louis Mizon, wanda ya hauro Binuwai da jiragensa da igwa yana neman ya riga Ingilishi kafa tuta a wannan ƙasa. An kashe mutane, an kama da yawa bayi, sauran suka warwatsu cikin duwatsu da ƙauyuka. Kamfanin Neja na Ingilishi ya kai ƙara, gwamnatin Faransa ta kira Mizon gida a 1893. A wannan shekara ce aka kafa Jalingo, da fari sansanin yaƙi, daga baya mazaunin Sarkin Muri, har ran 27 ga watan Agusta, 1991, ta zama hedkwatar Jihar Taraba da aka cire daga tsohuwar Gongola.

Na kawo wannan tarihi ne don mai karatu ya ga yadda zamani ya juya da sauri a wannan wuri. Sa'ad da Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya je Yola a 1851, ya tarar da ƙyallen saƙi ake ciniki, wanda Fulani ke kira leppi. A ƙasar Hausa kuwa wuri ne kuɗi. Amma yaron da aka haifa a shekarar da aka fasa ganuwar Kona bai wuce shekara goma sha biyar ba sa'ad da Turawa suka buga wa Nijeriya kwabo na farko a 1907. Da aka ce haraji sai da kuɗin Bature, tilas manomi ya kai amfaninsa kanti ya karɓo tsaba. Ta haka kwabo ya shiga kowane gida, har gidan da muka nufa.

Gwangwanin Kaka

Muka tarar da tsohuwar zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na ce, "Kaka, mun same ku lafiya?" Ta amsa da fara'a, ta sa aka kawo mini ruwa, sa'an nan ta dubi jikanta ta ce, "Wannan ne malamin kuɗin?" Muka yi dariya gaba ɗaya. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon gwangwanin madara naɗe cikin tsumma, ta buɗe shi da ƙyar saboda tsatsa, ta juye a kan faifai. Yaran gidan suka taru saboda ƙarar, don ba su taɓa jin irinta ba.

Kafin in ce uffan ta fara kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kiran 'ya'yanta. Ga anini, wanda sai an tara goma su yi kwabo. Ga ɗari, watau rabin kwabo, wanda ya sami sunansa daga wuri ɗari. Ga kwabo mai huji, ga taro na kwabo uku, ga sisi na kwabo shida, ga sule na kwabo goma sha biyu, ga fataka, watau sule biyu, wadda wasu ke kira dala. Sule ashirin su ne fam guda. Ta ce wasu canjin cinikin gyaɗa ne da kunu da ta yi tun tana amarya, aka yi canjin kuɗi suka mutu a hannunta, wasu kuma na mahaifiyarta ne.

Duk tarihin kuɗin ƙasar nan yana kan faifan nan. Aninin farko na 1907 da alminiyam aka yi shi, irin ƙarfen tukwanen zamani, amma da aka ga ba ya jure gumi da damina, sai a 1908 aka koma gamin jan ƙarfe da nikel, wanda ke ba da farin kwabo. An huda tsakiyarsu don a riƙa zira su a zare yadda aka saba yi da wuri. A fuska guda akwai kambin sarauta da sunan Sarkin Ingila da ƙimar kuɗin cikin boko da rubutun Larabci, a ɗaya fuskar kuma tauraro mai tsini shida, wanda malamai ke kira hatimin Annabi Sulaimanu, da shekarar da aka buga. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta riƙa bugo wa Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya. Galibinsu a Ingila aka buga su, ko dai a gidan buga kuɗi na gwamnati a Landan, ko a wasu kamfanoni biyu na Birmingham, watau Heaton, mai sa ɗan ƙanƙanen harafin H, da King's Norton, mai sa KN.

Ga kuma na Babban Bankin Nijeriya, wanda ya fara aiki ran 1 ga watan Yuli, 1959: taro mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga, sisi mai hoton koko, fataka mai hoton gyaɗa. Ga na bayan ran 1 ga watan Janairu, 1973, da Naira da Kwabo suka maye gurbin fam da sule: kwabo ɗaya mai hoton rijiyoyin mai, da kwabo 25 mai hoton dalar gyaɗa ta Kano. A can ƙasa har da kwandalar Naira ɗaya ta 1991 mai hoton Herbert Macaulay.

Yadda Kuskure Ke Aukuwa

Kafin mu fara dubawa sai da na yi wa saurayin bayanin abin da muke nema, gama wanda bai san yadda ake buga kuɗi ba ba zai rarrabe kuskuren maƙera da ɓarnar hannun mutane ba. Ana narka ƙarfe a murza shi ya zama falle, na'ura ta riƙa yanko shi da'ira-da'ira, a tayar da bakin kowace da'ira. Sa'an nan a sa ta tsakanin hatimi biyu na baƙin ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a danna da ƙarfi sau ɗaya, fuskokin biyu su fito tare. Ana yin haka sau miliyoyi, akwai kuma masu dubawa da ke tsince wanda ya ɓaci a sake narka shi. Wanda ya kuɓuce musu ya shiga kasuwa, shi ne masu tara tsofaffin kuɗi ke nema.

Kuskuren iri uku ne. Akwai na ƙarfen kansa, kamar a ce gefe ya gutsure kamar jinjirin wata tun wajen yanka, ko an manta ba a huda kwabon ba, ko hujin ya goce gefe, ko ƙarfen wani kuɗi ya faɗa cikin na wani. Akwai na bugu, inda ƙarfen bai zauna daidai ba, hoton ya karkata ya bar wani sashe fayau, ko aka buga shi sau biyu. Akwai kuma na hatimi, kamar ya tsage ya bar ɗan layi mai tudu a jikin kuɗin, ko rubutu ya ninku. Babban cikinsu shi ne a haɗa hatimi biyu da ba na juna ba. Masanan Ingila suna kiran irin wannan kuɗi alfadari, gama uba daban, uwa daban.

Kwabon da saurayin ya gani a waya na Amurka ne. A 1943, saboda Yaƙin Duniya na Biyu ana bukatar jan ƙarfe, sai Amurka ta buga kwabonta da baƙin ƙarfe. Amma 'yan ƙwayoyin tagulla da suka maƙale cikin na'ura daga shekarar baya suka bi layi aka buga su. Guda ɗaya tak aka sani daga gidan buga kuɗi na Denver, shi ne aka sayar a 2010 a kan dala miliyan 1 da dubu 700. A Ingila kuma, a 2008, an sake fasalin kuɗi aka mai da shekara daga baya zuwa fuskar da ke da hoton Sarauniya. Wajen buga kwabo 20 aka haɗa tsohon hatimin gaba da sabon hatimin baya, kuɗin ya fito ba shekara ko'ina. An ƙiyasta ba su kai 250,000 ba, kuma a 2009 wani kamfani ya yi tayin fam 50 a kan kowane guda. Mutane a cikin canjin kanti suka riƙa tsintarsu.

Alfadaran Ƙasarmu

Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne mu ma muna da namu alfadaran, har guda uku, cikin kwabo mai huji, dukkansu kuwa daga kamfanin Heaton suka fito. An rubuta su cikin manyan littattafan masu wannan fanni, kamar kundin Krause na kuɗaɗen duniya.

Na farko na 1936 ne. Kamfanin yana bugo wa Afirka ta Gabas nata kuɗin mai huji, sai aka ɗauki hatimin gaba na kuɗin can aka haɗa da tauraron nan namu. Na biyu na 1945 ne. Sarki Edwad na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila a watan Janairu na 1936, ya yi murabus a watan Disamba na wannan shekara, ƙanensa Joji na Shida ya gaje shi. Amma bayan shekara tara wani ma'aikaci ya ɗauko tsohon hatimin Edwad ya buga kwabon 1945 da shi. Wannan shi ya fi wuyar samu a cikin ukun. Na uku na 1956 ne: Sarki Joji ya rasu ran 6 ga watan Fabrairu, 1952, amma aka sami jan kwabo na 1956 ɗauke da sunansa maimakon na 'yarsa Sarauniya Elizabeth.

Watau aikin mai sauƙi ne: a duba shekara a fuskar tauraro, a juya a karanta sunan sarki, a ga ko sun dace. Muka ware kwabban gefe guda, muka jera su bisa tabarma shekara-shekara, saurayin yana karanta lamba, ni ina juyawa.

Can sai ya ɗaga murya, ya ce ga sunan Edwad. Lalle kuwa, an rubuta EDWARDVS VIII. Hannunsa har rawa yake yi. Muka juya, 1936, kuma duk rubutunsa irin namu ne. Muka sami irinsa har guda tara. Na gaya masa gaskiya cewa wannan ba kuskure ba ne. Ko da yake Ingila kanta ba ta fitar da kuɗin Edwad don kashewa ba, an buga wa Afirka ta Yamma miliyoyinsa, shi ya sa kusan kowane tsohon gwangwani yana da shi, kuma araha yake a kasuwar masu tarawa. Muka sami na 1945 guda biyu, duka sunan Joji na Shida, yadda ya kamata. Na 1956 guda ɗaya ne, ya yi baƙi ƙirin. Na kai gilashi a kansa, gidan ya yi tsit, har tsohuwar ta ajiye gyaɗarta. Da haruffan suka fito sai na ga QUEEN ELIZABETH THE SECOND. Saurayin ya sauke numfashi, ya koma ya zauna a kan turmi.

Ya ɗebo wasu guda uku da ya daɗe da warewa yana ganin su ne masu kuskure. Na farko yana da huji biyu, amma na biyun bakinsa kaca-kaca ne, ƙarfen ya turo ta baya. Ƙusa ce ta yi shi. Kaka ta ce ai shi ne ta taɓa rataya wa babansa a wuya yana jariri. Na biyu ya lanƙwashe, ga alamar dutse a jikinsa. Na uku rubutunsa ya shafe saboda yawan shiga hannu. Ƙa'idar ita ce, abin da ya faru a gidan buga kuɗi yakan fito sumul, tsagar hatimi kuma tudu take bari, amma ƙarzuna da duka rami suke bari. Haka nan wanda ya ga kwabon 1973 da gajeren take a ƙarƙashin tambarin Nijeriya, ya ga na ƙarshen shekarun 1980 da dogon take, kada ya zaci kuskure ne. Taken ƙasa ne aka ƙara wa zaman lafiya da ci gaba.

A cikin dukkan tarin, guda ɗaya ne na ga ya yi kama da kuskure na ainihi. Farin kwabo ne na zamanin Joji na Shida, hujinsa ɗaya tak, girmansa daidai da na 'yan'uwansa, bakinsa sumul, amma ya goce gefe har ya ci wani sashe na tauraron. Mai tarawa zai so shi, zai kuma biya fiye da kwabon da ba shi da aibi. Amma a ganina ba zai sayi keke ba, ko taya ma da ƙyar.

Inda Dukiyar Take

Muna shirin mai da su cikin gwangwani sai idona ya kai kan wasu baƙaƙen sulalla da muka ture gefe tun da fari, don ba su da huji, ba kuma a cikinsu muke neman alfadari ba. Fataka huɗu ce da sule shida, masu hoton Sarki Joji na Biyar a gaba da bishiyar kwakwar manja a baya, shekarunsu tsakanin 1913 da 1919. Na ɗaga ɗaya na sake ta a kan dutsen niƙa, ta yi wata ƙara mai daɗi, doguwa, ba irin ta sauran ba.

Waɗannan azurfa ce. Daga 1913 Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma da azurfa ta buga taro da sisi da sule da fataka, kashi 925 cikin dubu, nauyin fataka guda giram 11 da 'yan kai, sule kuma rabin haka. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya azurfa ta yi tsada, sai a 1920 aka koma buga su da gamin farin ƙarfe mai launin ruwan ɗorawa. Mutanen da ba su amince da sabon kuɗin ba suka riƙa kashe shi suna ɓoye tsohon, wasu kuma suka kai wa maƙera aka yi musu zobba da mundaye. Da na yi lissafi, ko a farashin maƙerin azurfa, waɗannan goma kaɗai sun haura abin da baƙon ya taya gwangwanin duka. Ashe rashin sani ne ke sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Na faɗa wa tsohuwar. Ta karɓe su ta jujjuya, ta ce, "Ɗana, ai waɗannan su ne na uwata. Ita ma ba ta kashe su ba, ni zan kashe?"

Ga Mai Gwangwani A Gida

Na tabbata gidaje da yawa daga Sakkwato zuwa Yola suna da irin wannan ajiya, saboda haka ga abin da ya kamata a kiyaye. Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi daraja. Abu huɗu ke sa shi: ƙarancinsa, da lafiyar jikinsa, da yawan masu sonsa, da tabbacin cewa ba jabu ba ne. Kwabo biyu masu shekara ɗaya, wanda rubutunsa ke nan tsaf zai iya ninka wanda ya sha hannu sau da yawa.

Kada a wanke tsohon kuɗi. Toka da yashi da lemun tsami da maganin goge ƙarfe suna cinye fuskarsa, masu saye kuma suna gane wanda aka goge, nan take su karya farashinsa. A riƙe shi ta gefe, a naɗe kowane mai muhimmanci cikin takardarsa, a ajiye inda ba laima. Wanda ake zargi da kuskure a gwada shi da ɗan'uwansa na shekara ɗaya, a auna su biyun a sikelin masu zinariya. Kada a sayar da gwangwani jimla, ko a mudu, ko a kilo, sai an ware an san abin da ke ciki, an kuma ji tayin mutum fiye da ɗaya. Farashin da ake gani a intanet sau da yawa abin da mai kaya ya yi buri ne, ba abin da aka biya ba.

A yi hattara kuma da masu yawo da labarin cewa wani tsohon kwabo yana jan shinkafa, ko yana ɗauke da wani sinadari da Turawa ke saye da miliyoyi, amma sai ka biya kuɗin gwaji tukuna. Duk cinikin da aka ce mai kaya ne zai fara biya, damfara ce. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

Su kuma masu tunanin ƙirƙiro kuskure da guduma da zarto, su sani cewa kwandalolin kwabo 50 da Naira 1 da Naira 2 da Babban Banki ya fitar ran 28 ga watan Fabrairu, 2007, har yanzu halattattun kuɗi ne, ko da kasuwa ta ƙi su. Sashe na 21 na dokar Bankin ta 2007 ya tanadi ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza Naira 50,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya huda ko ya lalata kuɗin da Bankin ya fitar. Wanda kuma ke son ganin irin waɗannan kuɗaɗe a jere, akwai gidan adana tarihin kuɗi da Bankin ya buɗe a hedkwatarsa ta Abuja a 2009. Da ma a ce hukumomin ilmi na jihohi za su tanadi ko da ɗan akwatin gilashi ne a makarantu, domin yaron da ke karanta "ko anini ba ni da shi" a littafi ya ga aninin da idonsa.

Komawa Jalingo

Da la'asar muka yi sallama. Tsohuwar ta ƙulle sulallan uwarta cikin wani ƙyalle dabam ta soke a ɗamara. Ta ba jikanta kwabon nan mai karkataccen huji, ta ce ya je ya nemi sa'arsa da shi, amma in baƙon nan ya dawo a ce masa ta gode. Ni kuma ta cika mini aljihu da gyaɗa, ta ɗora mini kwabo ɗaya na Edwad a kai, ta ce ladan duba ne. Na ce, "Kaka, Allah Ya ƙara girma." Ta ce, "Allah Ya kai ku lafiya, ɗana."

A hanya saurayin bai yi magana ba sai da muka hango fitilun Jalingo. Sa'an nan ya ce da ma ya san abin da wuya, amma gara da ya ji daga bakin wanda ba saye zai yi ba. Ya tambaye ni shekarun nan uku, na sake faɗa masa, ya tsaya ya rubuta a bayan hannunsa: 1936, 1945, 1956. Ya ce akwai ƙanwar kakarsa a wani ƙauye kan hanyar Lau, ita ma tana da nata gwangwanin.

Da muka iso masauki na biya shi kuɗinsa. Saura Naira 50 canji, ya laluba aljihu bai samu ba, muka dubi juna muka yi dariya. Allah Ya sa mu san darajar abin da iyaye suka bar mana tun yana hannunmu, amin.